BABI NA BIYU: TARIHIN AMFANI DA SHIMFIƊAR YASHI WAJEN TACE RUWA DA KARE MADATSUN ƘASA

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin manufar wannan bincike da kuma farfajiyarsa. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin bin diddigin tarihin abin da a cikin wannan kundi aka kira "matatar yashi", wato shimfiɗar rairayi da yashi da tsakuwa waɗanda ake jerawa hawa-hawa, daga masu ƙananan ƙwaya zuwa masu manya, domin ruwa ya ratsa ya wuce amma abin da ruwan ya ɗauko ya tsaya. Ana samun irin wannan shimfiɗa a wurare biyu waɗanda a ido ba su da wata dangantaka. Na farko shi ne gidan ruwa, inda ake tace ruwan sha. Na biyu kuwa shi ne cikin madatsar ruwa wadda aka gina da ƙasa. A duk wuraren biyu aiki ɗaya ake nema daga yashin, kuma aikin yana da wuya domin buƙatu biyu ne masu karo da juna: ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashin su kasance ƙanana yadda ƙasa ba za ta zurare ba, kuma su kasance da faɗin da ruwa ba zai taru ba. Abin da babin zai nuna shi ne, a wannan fage sani ya sha riga aiki da shi, kuma sau biyu sai da aka yi asarar rayuka kafin hukumomi su ɗauki abin da aka riga aka sani da muhimmanci.

2.1 Mafari

Sanin cewa yashi yana tace ruwa ba na wata al'umma ɗaya ba ne. Duk wanda ya taso a bakin kogi a ƙasar Hausa ya san yadda da rani, in kogi ya ƙafe, ake tona rami a cikin rairayinsa a jira ruwa ya tsattsafo, kuma ruwan da yake taruwa a ramin ya fi na kududdufi haske nesa ba kusa ba. Abin da ya zo daga baya shi ne gina irin wannan shimfiɗa da gangan domin shayar da gari sukutum.

Masana tarihin ruwan sha sukan fara ƙirga wannan daga shekarar 1804, a garin Paisley na ƙasar Sikotland. A nan ne wani mai masana'antar wanke yadi, John Gibb, ya gina matatar yashi domin samun ruwa mai haske da zai yi aikinsa da shi, sannan ya riƙa sayar wa mutanen gari abin da ya yi saura. Ke nan ba neman lafiya ne ya haifar da ita ba, neman farin yadi ne.

2.2 Matatar Simpson a Landan

Matatar da ta zama abin koyi ga duniya ita ce wadda injiniya James Simpson ya gina wa kamfanin ruwa na Chelsea a birnin Landan a shekarar 1829. Kamfanin yana ɗibar ruwansa ne daga Kogin Tems, wanda a lokacin shi ne kuma magudanar ƙazantar birnin. Simpson ya gina tafki mai faɗin kimanin eka ɗaya, ya jera magudanai na bulo a ƙasansa, ya zuba manyan tsakuwa a kansu, sai ƙananan tsakuwa, sai ɓawon katantanwar ruwa, sai yashi, sannan rairayi mai laushi a can sama. Ruwa yana kwanciya a kan rairayin ya riƙa nutsewa a hankali har ya isa magudanai.

Idan aka lura da wannan jeri za a ga cewa rairayin sama ne kawai yake tace ruwan. Sauran hawa-hawan aikinsu shi ne kowanne ya riƙe wanda ke bisansa. Da a ce an zuba rairayi kai tsaye a kan manyan tsakuwa, da ruwa ya tafi da shi cikin magudanai. Alal misali, wanda ya zuba gero a kan kwandon lemo zai ga geron ya zurare har ƙasa, amma in a kan wake ya zuba, zai tsaya a sama. Wannan ita ce ƙa'idar da Simpson ya bi bisa gwaji da gwaninta, ba tare da wani lissafi ba, kuma ita ce dai za ta sake ɓullowa bayan kusan shekara ɗari a fagen ginin madatsu.

Abin mamaki shi ne, Simpson da mutanen zamaninsa ba su san ainihin amfanin abin da suka gina ba. Burinsu shi ne ruwa ya yi haske, warinsa ya ragu. A lokacin yawancin likitoci sun ɗauka cewa gurɓatacciyar iska ce take kawo kwalara. Duk da haka majalisar dokokin Ingila ta yi doka a 1852 wadda ta tilasta wa kamfanonin ruwan Landan tace ruwan kogi daga shekarar 1855, tare da mayar da wurin ɗibarsu can sama da Teddington inda ƙazantar birni ba ta kaiwa. Binciken likita John Snow na 1854, wanda ya danganta kwalara da ruwan sha, bai samu karɓuwa nan take ba. Sai a 1883 zuwa 1884 Robert Koch ya tabbatar da ƙwayar cutar.

Daga baya ne aka gane cewa babban aikin yana faruwa ne a wata siririyar fata mai santsi wadda take tsirowa a saman rairayin, ta gansakuka da ƙananan halittu, waɗanda suke kamawa suna cinye ƙwayoyin cuta. Shi ya sa irin wannan matata ba ta son gaggawa, domin ruwan ba ya nutsewa fiye da kimanin santimita 10 zuwa 30 a awa guda, kuma in an kankare saman domin wankewa sai an jira fatar ta sake tsirowa kafin a amince da ruwan.

2.3 Hambug da Altona, 1892

Hujjar da ta kashe bakin masu musu ta zo ne daga ƙasar Jamus. A wancan lokaci Hambug da Altona birane ne biyu da suke manne da juna a bakin Kogin Elbe, har akwai titin da gefe ɗaya na Hambug ne, ɗaya gefen na Altona. Altona, wadda a 1892 take ƙarƙashin mulkin Furushiya, ta fara tace ruwanta da yashi tun 1859. Hambug kuwa, mai mutane fiye da dubu 600, tana turo ruwan kogi cikin famfo ba tacewa, har akan samu ƙananan kifaye a cikin bututu. An daɗe da ba hukumar birnin shawarar gina matata, amma aka yi shekaru ana jayayya a kan kuɗin aikin, kuma ko da annoba ta zo aikin bai kammala ba.

A watan Agusta na 1892 kwalara ta ɓarke. Cikin 'yan makonni mutane kusan 17,000 suka kamu a Hambug, kimanin 8,600 suka mutu. Altona kuwa, wadda wurin ɗibar ruwanta yake ƙasa da inda Hambug take zubar da ƙazantarta, wato ruwan da take ɗiba ya fi na Hambug muni, abin da ya same ta kaɗan ne in aka kwatanta. Gidajen da ke kan iyaka waɗanda suke shan ruwan Altona sun tsira, maƙwabtansu suna ta jana'iza. A 1893 Hambug ta kammala matatarta cikin gaggawa.

Wani abu da ya kamata a ƙara a nan shi ne, a farkon 1893, cikin tsananin sanyi, cutar ta ɗan ɓulla a Altona ita ma, kuma Koch ya danganta hakan da wani tafkin matata da ƙanƙara ta lalata samansa. Daga nan ya kawo shawarar a riƙa auna ruwan kowane tafki dabam, kada ƙwayoyin halittar da ke cikin mililita ɗaya su wuce 100. Wato samun matata dabam, kula da ita dabam.

2.4 Daga gwaninta zuwa awo

A nan sai an ɗan koma baya. Mutum na farko da ya sa lissafi a kan tafiyar ruwa cikin yashi shi ne Henry Darcy, injiniyan da ya kawo wa garin Dijon na Faransa ruwan famfo. A 1855 zuwa 1856 ya cika wani bututu mai faɗin santimita 35 da yashin Kogin Saône, ya tsayar da shi, ya riƙa tura ruwa yana aunawa. Ya gano cewa yawan ruwan da yake ratsawa yana ƙaruwa daidai gwargwadon ƙarfin matsin ruwan, yana kuma raguwa gwargwadon kaurin yashin. Ya buga sakamakon a 1856 a matsayin rataye a cikin littafinsa na ruwan Dijon, ya rasu a 1858. Wannan ƙa'ida har yau da sunansa ake kiranta.

Amma ƙa'idar Darcy ba ta faɗi wane yashi za a zaɓa ba. Wannan giɓi Allen Hazen ne ya cike shi, a tashar gwaji ta garin Lawrence a jihar Massachusetts ta Amurka, wadda aka kafa a 1887. A rahotonsa na 1892 ya nuna cewa in aka tankaɗe yashi da rariya iri-iri, daga mai manyan ƙofofi zuwa mai ƙanana, aka auna nauyin abin da ya ratsa kowace, za a iya siffanta yashin da lambobi. Ya lura cewa ƙananan ƙwayoyi su ne suke mulkin tafiyar ruwa domin su ne suke cusuwa tsakanin manya. Saboda haka ya zaɓi girman ƙofar rariyar da kashi 10 cikin 100 na yashin yake ratsawa a matsayin ma'auni, ana rubuta shi D10. Ya kuma nuna cewa in wannan ma'auni ya ninka sau biyu, saurin ratsawar ruwa yakan ninka kusan sau huɗu. Yashin da ake so a matata mai tafiyar hawainiya shi ne mai D10 tsakanin milimita 0.15 da 0.35. Garin Lawrence ya gina matatarsa a 1893, kuma mace-macen zazzaɓin taifod suka ragu ƙwarai.

Matata mai sauri, wadda ake fara zuba wa ruwa alif domin dauɗa ta dunƙule, ta samu gindin zama ne bayan gwaje-gwajen George Fuller a Louisville tsakanin 1895 da 1897. Ita ce ta fi yawa a gidajen ruwa na zamani, amma tarihinta ya fi karkata ga ilmin haɗa magunguna, don haka ba za a tsaya a kanta ba.

2.5 Terzaghi da matatar cikin madatsa

Babu madatsar ƙasa da ruwa ba ya ratsawa. Komai dannewar da aka yi wa yumɓu, ruwa zai tsattsafa ta cikinsa ko ta ƙarƙashinsa ya ɓullo ta baya. Wannan shi kaɗai ba illa ba ne. Illar tana farawa ne in ruwan da yake fitowa ya soma ɗauke ƙwayoyin ƙasa. In ƙwaya ta tafi sai ta bar gurbi, gurbin ya jawo ƙarin ruwa, ruwan ya ɗauki wasu ƙwayoyin, a haka rami zai riƙa cin ƙasa yana komawa baya kamar ramin gafiya har ya haɗu da tafkin. A wannan kundi an kira wannan "zaizayar ciki".

Injiniyoyin Ingila da suka yi aikin noman rani a Indiya sun gamu da wannan matsala, musamman da madatsar Narora a Kogin Ganga ta karye a 1898. Maganin da W. G. Bligh ya kawo a 1910 shi ne a tsawaita hanyar da ruwa zai bi a ƙarƙashin gini domin ƙarfinsa ya ragu kafin ya fito. Dabara ce mai amfani, sai dai tana cin kuɗi, kuma ba ta hana ƙasa tafiya in ruwan ya samu wata kafa.

Karl Terzaghi, wanda aka haifa a Prag a 1883, ya duba matsalar ta wata fuska. Yana koyarwa a Santambul tsakanin 1916 da 1925, inda ya yi gwaje-gwajen da suka zama tushen ilmin injiniyancin ƙasa. A farkon shekarun 1920 ya kawo shawarar a bar ruwan ya fito, amma a tare bakin mafitarsa da shimfiɗar yashi, a bi da tsakuwa, a danne da duwatsu. Wato jerin Simpson ne aka kifar, domin a nan ruwan daga ƙasa yake tasowa. Sa'an nan a shekarun 1930, lokacin da yake ba da shawara a aikin madatsar Bou Hanifia a Aljeriya, aka yi gwaje-gwajen da suka fito da ƙa'idar a lambobi. G. E. Bertram ya sake gwada ta a Jami'ar Harvard a 1940, kuma ta shiga littafin da Terzaghi ya rubuta tare da Ralph Peck a 1948.

Ƙa'idar ta ɗauki hanyar tankaɗe ta Hazen. Ana duban D15 na yashin matata, wato girman da kashi 15 cikin 100 nasa yake ratsawa, a kwatanta da ƙasar da ake son karewa. Sharaɗi na farko, kada D15 na matata ya wuce ninki huɗu zuwa biyar na d85 na ƙasar. Sharaɗi na biyu, kada ya gaza ninki huɗu zuwa biyar na d15 na ƙasar. Na farko yana hana ƙasa zurarewa, na biyu yana tabbatar da ruwa ya samu hanya. A ɗauka, alal misali, an tankaɗe wata ƙasa aka samu d85 nata milimita 0.2 ne, d15 kuma 0.02. In aka yi aiki da ninki biyar, yashin da zai kare ta dole D15 nasa ya faɗa tsakanin milimita 0.1 da 1.0. In za a ɗora tsakuwa a bayan yashin, sai a sake wannan lissafi tsakanin yashin da tsakuwar.

Hikimar zaɓen d85 ita ce, ba sai matata ta tare kowace ƙwaya ba. In ta tare manyan ƙwayoyin ƙasar, su kuma sai su toshe ƙofofin su tare matsakaita, matsakaita su tare ƙanana. A ganin mai wannan bincike, wannan shi ne wuri mafi ban sha'awa a duk tarihin, domin ƙasar ce da kanta take ƙarasa ginin matatar.

2.6 Madatsar Teton, 1976

Shekara 28 bayan fitowar littafin Terzaghi da Peck, madatsar Teton a jihar Idaho ta Amurka ta karye. Hukumar gwamnatin tarayya mai kula da madatsun noman rani ce ta gina ta, hukumar da ta gina ɗaruruwan madatsu kafin wannan. Tsayinta mita 93. An gina cikinta da wata ƙasa mai laushi kamar gari wadda iska ta tara, irin wadda ruwa yake ɗauka cikin sauƙi, aka kuma ɗora ta a kan dutse mai tsage-tsage. Masu zanen sun dogara ga dannewar ƙasar da kuma siminti da aka ɗura cikin tsagogin dutsen. A ramin da aka haƙa cikin dutsen gefe aka cika da wannan ƙasa, ba a sa shimfiɗar matata tsakaninta da tsagogin ba.

Ana cikin cika tafkin karo na farko, kuma ruwa ya hau da sauri fiye da yadda aka tsara. Da safiyar ranar 5 ga Yuni, 1976, aka ga ruwa mai laka yana fitowa ta gefen dama. Kafin hantsi ya yi nisa rami ya buɗe a jikin madatsar. Aka turo motocin tura ƙasa domin a cike shi, ramin ya haɗiye biyu daga ciki, direbobin suka sha da ƙyar. Gab da ƙarfe 12 na rana saman madatsar ya rufta. Ruwa ya mamaye garuruwan Wilford da Sugar City da Rexburg, mutum 11 suka mutu, shanu kimanin 13,000 suka halaka, gwamnati kuma ta biya diyyar da ta haura dala miliyan 300.

Kwamitin bincike mai zaman kansa, wanda Peck da Arthur Casagrande suke cikinsa, ya miƙa rahotonsa a watan Disamba na 1976. Ya ɗora laifin a kan zanen aikin, musamman rashin tanadin kariya ta biyu in ruwa ya samu kafa. Kamar yadda ya faru a Hambug, ba ilmin ne babu ba. A 1978 majalisar Amurka ta yi dokar gyaran madatsun wannan hukuma.

2.7 Bayan Teton

Ƙa'idar Terzaghi an gina ta ne a kan yashi, ba a kan yumɓu mai tsagewa ba, kuma ramukan da suka ɓullo a saman madatsar Balderhead ta Ingila a 1967 sun riga sun nuna wannan rauni. James Sherard da abokan aikinsa suka ɗauki matsalar, suka buga sakamakonsu a 1984 da 1989. Dabararsu ita ce su huda rami da gangan a cikin yumɓu, su tura ruwa da ƙarfi, su ga wane yashi ne zai sa ramin ya toshe kansa. Sun gano cewa a yashi zalla ƙasa ba ta fara zurarewa sai ninkin ya kai wajen tara, ke nan ninki biyar yana da rarar kariya. Ga ƙasa mai yawan laushi kuwa, wadda kashi 40 zuwa 85 cikin 100 nata gari ne, sun ce kada D15 na matata ya wuce milimita 0.7. Tun 1970 kuma, a madatsar Valcros ta Faransa, aka fara amfani da saƙar roba a madadin yashi, sai dai har yau injiniyoyi da yawa ba su yarda a sa ta a tsakiyar babbar madatsa ba, inda ba za a iya tonowa a sauya ba. Wani nazari da Foster da Fell da Spannagle suka buga a 2000 ya nuna cewa kusan rabin karyewar manyan madatsun ƙasa a duniya zaizayar ciki ce sanadinsa.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin madatsun Arewacin Nijeriya da ƙasa aka gina su. Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, da Challawa ta 1992, da Goronyo a jihar Sakkwato, duk na ƙasa ne, kuma a ƙarƙashinsu akwai garuruwa da gonaki. Mutanen Kano ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988 ba, haka ma mutanen Maiduguri da ta Alau a Satumbar 2024. Binciken musabbabin waɗannan biyu ba ya cikin farfajiyar wannan kundi. An ambace su ne domin a tuna girman abin da ake magana a kansa.

Matatar da ke cikin madatsa ba a ganinta bayan an rufe ta da ƙasa, saboda haka hanyar sanin halinta ita ce duban ruwan da yake fitowa a gindin madatsar ta baya. Ma'aikaci yakan auna yawansa a kai a kai, ya ɗiba a kwalba ya ajiye ya ga ko wani abu zai kwanta. In ruwan garau yake, kuma yawansa yana hawa da sauka tare da tafkin, matata tana aiki. In ya fara zuwa da laka, ko ya ƙaru alhali tafkin bai ƙaru ba, to ƙasa ta fara tafiya. A Teton, tsakanin ganin ruwa mai laka da ruftawar madatsar bai kai awa biyar ba.